Likita ya hana ni hoton baya, daidai ya yi?

Direban Dukku:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da damuwa, masu sani su warware mini. Yau kwana 18 ke nan bayana ya riƙe. Taya na sunkuya zan ɗaga in sa a but a tasha, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙugu, tun ranar sai da dabara nake ruku'u. Na sha maganin kemis, ya lafa, ya dawo. Jiya na shigo Gombe na je asibiti da kuɗin hoto a aljihuna, don abin da ya kawo ni ke nan. Likita ya sa na kwanta, ya ɗaga ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu, ya ƙwanƙwasa mini gwiwa, ya sa na taka da dunduniya, na taka da yatsu. Sai tambayoyi: fitsari lafiya? Bayan gida fa? Akwai zazzaɓi? Na rame? Daga ƙarshe ya ce ba sai an yi hoto ba, in sha magani, in riƙa motsa jiki, in dawo bayan mako 4 idan bai sake ni ba. Wallahi raina ya ɓaci. Ba kyauta na roƙa ba. Ta yaya za a san abin da ke cikin baya ba a leƙa ba?

Bappan Yara:
Wa alaikumus salam, Allah ya sawwaƙe. Direba da ciwon baya ai basir ne, zaman mota ke tara shi. Ka nemi saiwa mai kyau ka jiƙa, ka sa wanzami ya yi maka ƙaho a ƙugu.

Ɗan Tudun Hatsi:
Hamma, kada ka tsaya jiran likita. Akwai wuraren hoto na kuɗi a gari, kana biya za su ɗauka. Ni haka na yi bara. Shekara 20 ina dakon buhu a kasuwar hatsi, da baya ya dame ni na je na yi. Sakamako ya fito an rubuta sifondilosis, wanda ya karanta mini ya ce ƙashin bayana ne ya fara cinyewa. Tun ranar ban sake ɗora buhu a kafaɗa ba, ko bokitin ruwa tsoronsa nake ji. Da ban yi hoton ba da ina nan cikin duhu.

Adda Mai Ɗinki:
Ni nawa daban ne. Sau biyu ina yin hoton, duka an ce ba a ga komai ba. Ga ciwo yana tasowa daga ƙugu ya bi bayan cinya har ɗan yatsan ƙafa, kamar ana ja mini igiya. Abin da ya fi ciwon zafi, mutanen gida suka fara ganin raki nake yi, tunda ga takarda ta ce lafiyata lau.

Mai Ɗaukar Hoto:
Salamu alaikum. Wannan aikina ne, shekara 11 ina tsaye bayan na'urar, bari in faɗi abin da na sani. Malam Direba, da farko ka gode wa Allah ka samu likitan da ya taɓa jikinka. Wannan ɗaga ƙafa da ƙwanƙwasa gwiwa da ka raina, shi ne leƙawar. Da su yake gane ko akwai jijiyar da aka danne, wanda na'urata ba za ta gaya masa ba.

Eksire haske ne mai ratsa jiki. Yana wuce nama cikin sauƙi, ƙashi ya tare shi, to inuwar ƙashin ce take fitowa fara a jikin fim. Tun shekarar 1895 da wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano shi ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan yatsu da zobenta suka fito, har yau abin da ya fi iya nunawa ke nan, ƙashi da ƙarfe.

Gadon baya kuma jerin ƙananan ƙasusuwa ne 33. Akwai 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, su ne za ku ga an rubuta L1 zuwa L5 a takarda, sauran sun manne da juna can ƙasa. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi. Kai direba ne, ka san robar da ake sa wa tsakanin ƙarfe da ƙarfe a ƙafar mota don kada su riƙa gugar juna, to aikinsa ke nan. Ta bayansu laka ta bi, jijiyoyi suna fita ta gefe suna sauka ƙafafu. Sannan tsoka da jijiyoyin ɗauri sun lulluɓe komai. A cikin duk waɗannan, ƙashin kaɗai eksire yake gani. Faifai ba ya fitowa, sai dai a ga gurbinsa, ko ya yi faɗi ko ya matse. Jijiya ba ta fitowa. Tsoka ba ta fitowa.

Wanda ya sunkuya ya ɗaga taya baya ya riƙe, yawanci tsoka ce ko jijiyar ɗauri ta gurɗe, wani lokaci faifai. Ko na ɗauke ka hoto goma, ƙashi lafiyayye zan nuna maka. Kuma irin wannan ciwo mafi yawansa yana sauka da kansa cikin mako 6, shi ya sa ya ce ka dawo nan da mako 4.

Adda, ki nuna wa mutanen gida wannan. Ciwon da ya taso daga ƙugu ya bi bayan cinya har yatsa alamar jijiya ce, galibi faifan da ke tsakanin L4 da L5 ko wanda ke ƙasa da shi ne ya turo ya taɓa ta. Hoton da kika yi sau biyu ba shi da idon ganin wannan. "Ba a ga komai ba" ma'anarsa ba a ga ƙashi ya karye, ya goce ko ya ruɓe ba. Iyakarta ke nan.

Direban Dukku:
Na ji, Malam. Amma ko don hankalina ya kwanta ai sai a yi. Me zai rage?

Mai Ɗaukar Hoto:
Zai rage abu biyu. Na farko, hasken ba ruwan sha ba ne. Ƙugu wuri ne mai kauri, sai an ƙara ƙarfin na'ura kafin ya ratsa, kuma ana ɗauka ta gaba a ɗauka ta gefe. Abin da jiki ke sha a hoton ƙugu ya ninka na hoton ƙirji fiye da sau 10, ga shi wurin yana daf da 'ya'yan maraina da ƙwan mace. Sau ɗaya haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, idan da dalili ba ma jinkiri. Amma ina ganin masu zuwa da fim huɗu ko biyar na ƙugu ɗaya, kowanne daga wuri daban, kuma hasken taruwa yake yi a lissafin jiki.

Na biyu kuwa, ga Ɗan Tudun Hatsi nan ya faɗe shi da bakinsa.

Ɗan Tudun Hatsi:
Ban gane ba. Kana nufin ƙarya suka rubuta mini?

Ɗan Fisiyo:
A'a Hamma, ba ƙarya ba ce, fassarar ce ta yi maka nauyi. Ni a sashen gashi nake aiki, kullum sai na ga irin takardarka. Sifondilosis na nufin faifai ya ɗan bushe, gurbi ya ragu, gefen ƙashi ya fitar da 'yan tsiraye. Furfurar ƙashi ce. Ka tara dattawan layinku masu shekara 50 zuwa sama a ɗauke su hoto, da yawansu za a rubuta musu wannan kalmar, har waɗanda ba su taɓa cewa wash ba.

An gwada wannan. A 1994 a Amurka aka ɗauki mutum 98 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka sa su a hoton maganaɗisu, wanda ake kira MRI, shi da yake ganin faifai da jijiya sarai. Kashi 36 cikin 100 ne kawai aka samu duk faifansu lafiya. Fiye da rabi akwai faifan da ya turo. Mutanen nan suna aikinsu, suna barcinsu. Shi ya sa muke cewa abin da aka gani a hoto sai an haɗa shi da abin da mutum yake ji, a ga ko sun dace.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne shekara guda kana tsoron bokiti. Tsokar da ta riƙe maka baya shekara 20 tana narkewa ne idan ba ta aiki, baya ya ƙara rauni, ciwo ya ƙaru, kai kuma ka ce ai ƙashin ne yake ƙara cinyewa. Ban ce ka koma saɓa buhu mai kilo 100 gobe ba, wannan nauyin ya yi wa kowane baya yawa. Amma ka zo a duba ka, a koya maka motsa jiki da yadda ake ɗaukar kaya da gwiwa, ka fara da kaɗan.

Ɗan Tudun Hatsi:
Wallahi har sana'a na canza saboda takardar nan, na koma tsaron shagon wani. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini wannan bayanin.

Malama Nas:
Ni fa ina da ja. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ina tsoron yadda za a ɗauke shi. Zauren nan akwai mutum ɗaruruwa masu karatu ba sa magana, gobe wani zai ce an ce a zaure hoton baya ba shi da amfani. Wannan ƙa'ida ta jira mako 6 an tsara ta ne a ƙasashen da mutum ke zuwa asibiti a kwana na biyu, kuma tarin fuka ya yi ƙaranci a cikinsu. Mu nan Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma namu ba ya zuwa sai ya gama da mai saiwa, ya gama da wanzami, ya gama da kemis.

A sashen masu tarin fuka nake. Mutane da yawa ba su san ƙwayar cutar tana kama ƙashin baya ba, kuma mai ita ba dole ya yi tari ba. Akwai wata yarinya da aka kawo mana daga ƙauye, ba ta kai 20 ba. Wata 8 tana ciwon baya. An ce basir, an ce sanyi, an ce iska, bayanta duk tabon ƙaho. Da dare ciwon ke hana ta barci, ga zazzaɓin yamma, ga gumi, ta rame kamar a hure ta. Ba a kawo ta ba sai da wani ƙullutu ya fito mata a tsakiyar baya, ƙafafu suka fara ja. Eksire na farko ya nuna komai: ƙasusuwa biyu sun cinye ta gaba sun rufta kan juna, faifan tsakaninsu ya ɓace. Wannan shi ne cinyewar ƙashi ta gaske. Wani likitan Ingila mai suna Pott ya bayyana cutar tun 1779, har yau da sunansa ake kiranta a asibiti, amma mu har yau muna ce mata basir. Aka ɗora ta kan magani na wata 12, wanda kyauta ake bayarwa. Ta miƙe, alhamdu lillahi, tana tafiya da ƙafarta. Doron kuwa ya zauna, da shi za ta rayu. Da an yi mata hoton nan a wata na uku da ba a kai nan ba.

Bappa, da girmanka, don Allah a rage ɗora wa basir kowane ciwon baya. Basir a dubura yake.

Bappan Yara:
Na ji, 'yata. Mu abin da muka taras ke nan. Amma ni na sha saiwa na ji sauƙi, wannan ba zan musa ba.

Ɗan Fisiyo:
Bappa, ba wanda zai ce ba ka ji sauƙi ba. Sai dai ciwon da dama zai sauka cikin makonni, duk abin da aka sha a tsakani shi ake yaba wa.

Mai Ɗaukar Hoto:
Malama, ban ƙi maganarki ba ko kaɗan, amma ki duba, yarinyar nan ai ba ta cikin masu jira. Ƙa'idar ba ta ce kowa ya jira ba. Tambayoyin da aka yi wa Malam Direba, zazzaɓi, rama, fitsari, ai irinta ake nema da su. Da ta shiga ɗakin likitan nan da ba ta fita ba hoto ba.

Kuma zan ƙara miki wani abu da ya fi ba ni tsoro. A farkon tarin fukan ƙashi, eksire yana iya fitowa fes. Sai ƙashi ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa kafin ramin ya bayyana a fim. To ki ɗauka wannan yarinyar ta je wurin hoto na kuɗi a wata na farko ba tare da likita ba, aka ce mata ba komai. Ta samu takardar da za ta rufe bakin kowa, ta koma gida ciwo yana ci. Da likita ne, zai haɗa da gwajin jini, ya duba ƙirji, ya ce a maimaita ko a tura ta MRI.

Malama Nas:
A nan mun haɗu. Amma ka san ba kowane mai ciwo ke samun likitan da zai ɗaga masa ƙafa ba. A ƙananan asibitocin ƙauye ma'aikaci ɗaya ne da layin mutum hamsin. Ni a wurina, duk wanda ciwon bayansa ya wuce wata biyu a ƙasar nan, gara a yi hoton da a bari.

Mai Ɗaukar Hoto:
Wata biyu ai ya wuce mako 6, ba mu saɓa ba. Inda nake tsayawa shi ne, wanda ya duba mara lafiya shi zai rubuta, shi kuma zai karanta tare da shi. Ni ɗauka nake yi. Akwai likitan hoto da ke fassarawa, akwai likitan da ya aiko. Idan aka cire su, saura fim kawai.

Shugaban Zaure:
Malama Nas, don Allah ki faɗa mana a taƙaice waɗanda bai kamata su jira ba, in maƙala a saman zaure.

Malama Nas:
To. Wanda ya faɗo daga bishiya ko gini ko ya yi haɗari. Wanda ciwon ke tashinsa cikin dare ko ya kwanta ba ya lafawa. Mai zazzaɓi, gumin dare ko rama ba dalili. Wanda ya taɓa yin ciwon daji, ko tarin fuka, ko yake da cuta mai karya garkuwar jiki. Dattijo ko dattijuwar da ciwon ya zo wa sabo, musamman bayan 'yar faɗuwa, don ƙashin tsufa yana iya ruftawa da abu kaɗan. Mai sikila. Da wanda ya daɗe yana shan irin ƙwayoyin nan na sha ka fashe, deksa da 'yan uwanta, suna sa ƙashi ya yi rauni, kuma masu kemis suna cusa su cikin haɗin ciwon jiki.

Sai na gaggawa, wanda ko kwana ba a yi: ƙafa ta fara mutuwa ko tana ja, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, bayan gida yana kufcewa, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya yi dindiris ba a jin taɓi. Wannan jijiyoyin ƙarshen laka ne aka matse. A wuce babban asibiti kai tsaye, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko na Abubakar Tafawa Ɓalewa ga na Bauchi. Eksire ba ya isa a nan, MRI ake nema, wani lokaci aiki, kuma awowi ake ƙirgawa.

Ɗan Achaban Kumo:
Maganar haɗari fa? Mu a wajenmu mai ɗori ake fara kai mutum, kuma gaskiya suna ƙoƙari.

Mai Ɗaukar Hoto:
Hannu da ƙafa magana ce ta wata rana. Baya da wuya kam ina roƙonku da Allah kada a ja, kada a murza, kada a taka. Ƙashin baya yana iya karyewa laka tana lafiya, sai wajen ɗauka ko wajen ɗori a ƙarasa ta. Kada a naɗe mutum a cusa shi a Keke Napep. A samu ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi a miƙe, ɗaya ya riƙe kai. A nan eksire yake da rana, nan take zai nuna karaya ko gocewa, idan da hali a ƙara da siti sikan, wato hoton eksire na kwamfuta mai nuna jiki yanka-yanka, shi ya fi fito da karaya dalla-dalla. Wasu daga nan ake tura su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Uwar Biyu:
Ina da tambaya. Tun da aka yi mini allurar baya wajen aikin haihuwa nake ciwon ƙugu, yau wata 7. Ina so in yi hoto in ga ko allurar ta taɓa ƙashi. Kuma ina jin kamar na sake samun ciki.

Mai Ɗaukar Hoto:
Hajiya, maganar ƙarshe ita ce ta farko. Kada ki hau gadon hoto sai kin yi gwajin ciki, kuma ki faɗa da bakinki ko ba a tambaye ki ba. Hoton ƙugu saitin mahaifa yake. Duk macen da ta zo muna tambayar ranar al'adarta ta ƙarshe, wasu suna jin kunya su ce lafiya, a daure a riƙa faɗin gaskiya. Allurar kuma ba ta barin alamar da za ta fito a fim. Wurin yakan yi tsami na kwanaki ya wuce.

Ɗan Fisiyo:
Ciki da kansa yana sassauta jijiyoyin ɗaurin ƙugu, ya raunana tsokar ciki. Ga goyon biyu, ga wanki a sunkuye, ga shara da gajeriyar tsintsiya. Waɗanda suka haihu da kansu ma suna wannan kukan. Ki je awo ki faɗa musu, su haɗa ki da sashen gashi.

Adda Mai Ɗinki:
To ni yanzu MRI zan nema? An ce kuɗinsa ya ninka na eksire sau da yawa.

Ɗan Fisiyo:
Likita zai yanke, Adda, bayan ya gwada ƙarfin ƙafar. Idan ƙafa ba ta raunana ba, akan fara da magani da motsa jiki, don faifan da ya turo sau da yawa yana motsewa da kansa cikin watanni. MRI yana zama dole ne idan ƙafa tana rauni, ko ciwo ya ƙi ji har ana tunanin aiki. Keken ɗinkinki na ƙafa ne? Ki riƙa tashi duk rabin awa ki ɗan taka, ki ɗaga kujerar ta yi daidai da tebur.

Malam Direba, kai ma kada ka kwanta ka ce hutu kake, kwanciya fiye da kwana ɗaya ko biyu ƙara riƙe baya take yi. Ka riƙa tafiya a ƙasa safe da yamma. Ka naɗe tawul ka sa a ƙugu idan kana tuƙi, ka cire walat daga aljihun baya, ka gasa wurin da ruwan ɗumi. Sallah ka yi yadda za ka iya har ya sake ka. Maganin kashe ciwo irin su daikulofenak kada su zama abincinka, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda.

Direban Dukku:
Na gode muku duka, fushina ya sauka. Amma tun da na karanta rubutun Malama Nas jikina ya yi sanyi, ba don kaina ba. Baba ne. Ya haura 70, tun bayan babbar sallah yake kukan baya, cikin dare za ka ji shi yana salati. Rigunansa sun yi masa yawa. Fitsari kuma sai ya daɗe a bayi, yana fita kaɗan-kaɗan. Mun ɗauka tsufa ne, ni da hannuna nake sayo masa haɗin kemis duk mako.

Malama Nas:
Ka kawo shi gobe, kada ka bari sai ranar kasuwa ta wuce. Ba zan ce ga abin da ke damunsa ba, amma dattijo da ciwon bayan dare da rama da wahalar fitsari, dole a duba ƙululun nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, don ciwonsa yana iya tafiya ƙashin baya, a kuma duba tarin fuka. Ka taho da ledar magungunan da yake sha, duka. Idan akwai deksa a ciki kada ku yanke masa ita rana ɗaya, likita zai faɗi yadda za a janye. Ka tambaye shi ko ƙafafunsa sun yi nauyi. Idan fitsarin ya tsaya gaba ɗaya, ko cikin dare ne ku taso.

Mai Ɗaukar Hoto:
Idan an rubuta masa hoto, ya sa kaya marasa ƙarfe. A cire guru da laya da bel da makullai, duk suna fitowa a fim su rufe ƙashi, sai an sake. Mata ma haka, jigida da duk abin da ke da maɓallin ƙarfe. Wasu wuraren suna ba da maganin wanke ciki a sha da dare don iska da bayan gida kada su tare hoton, ku tambaya. Ɗaukar kanta minti kaɗan ce, ba zafi, sai dai kwanciya kan gadon mai tauri za ta dame shi, ka tsaya kusa ka taimaka masa wajen juyawa kafin a ce ka fita.

Direban Dukku:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya da asuba muka taso, asibitin da na je muka koma. Likitan bai gama jin bayanin Baba ba ya rubuta hoto da gwajin jini, a ranar aka yi. Ya ɗaga fim ɗin a haske ya nuna mini wasu wurare biyu da suka fi sauran ƙashin fari, ya ce ba zai yanke magana ba sai sakamakon jini ya fito, ya ba mu takarda zuwa asibitin koyarwa wajen likitocin mafitsara. A cikin haɗin kemis ɗin kuwa akwai deksa, ya rubuta yadda za a rage ta. Baba yana gidan ƙanwata a Pantami, ba zan mai da shi Dukku ba sai an gama. Nawa bayan da sauƙi, yau na yi ruku'u ban dafa bango ba. Ku sa mu a addu'a.

Adda Mai Ɗinki:
Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Malama Nas:
Amin. Ranar da za ku je ku fita da wuri saboda layin kati, ku riƙe fim ɗin da takardar sakamako a hannu, kada a naɗe fim ɗin kuma kada a bar shi a rana cikin mota. Ka sanar da mu abin da suka ce.